Ofishin da ya daina jiran mai gyara: nazarin wani aikin kwamfuta a Gusau

Ofishin yana cikin garin Gusau, aikinsa kuma kashi biyu ne. A gaba akwai ɗakunan ma'aikata: akanta, sakatariya da masu shigar da bayanai. A baya akwai zaure mai kwamfuta 30, inda ake koyar da matasa da safe, da yamma kuma masu shirin JAMB su cika shi suna gwada hannu. Tun da jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya san akwai aiki a gabansa, shi ya sa zauren ba ya rabo da mutane.

Na'urorin duk na hannu ne, an sayo su a lokuta daban-daban, wasu daga Kano, wasu daga Legas. Yawancinsu Dell OptiPlex ne da HP ProDesk masu ɗan dama-dama, sai wasu tsofaffi guda 8 da suka ga jiya suka ga yau. Hannu da yawa ke taɓa su, kowa kuma da filash ɗinsa. Cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar shotkot a gurbinsu ta zama 'yar gida. Wani ɗalibin ya saka wasa, wani ya canza kalmar sirri ya manta, wani ya goge abin da bai san amfaninsa ba. In na'ura ta ƙi tashi sai a kira mai gyara, ya zo da nasa filash ɗin, ya yi fomat, ya ɗora Windows, ya shiga neman direbobi, wato manhajojin da ke sa sassan na'ura aiki, na sauti da na allo da na firinta, ɗaya bayan ɗaya. Rabin yini ke nan a kan na'ura guda, in an dace da wuta. Abin da ya ɗora yau kuma ba shi zai ɗora wata mai zuwa ba, har aka kai ga babu kwamfuta biyu a zauren da suka yi kama da juna. Malami ya ce a danna nan, rabin aji su ce su nasu babu.

Abu biyu suka sa shugaban ofishin neman wata hanya. Na farko a Satumba 2021 ne, da aka katse layukan waya da intanet a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. A makonnin nan, duk na'urar da ta mutu sai dai a lulluɓe ta da ƙyalle, don direban da ake buƙata yana intanet, intanet ɗin kuma sai an bar jihar. Na biyu man fetur ne. Bayan cire tallafi a ƙarshen Mayu 2023, duk awar da janareta ya yi yana ruri don na'ura ɗaya tak, kuɗi ne da ake ji a jika.

Da ya kira mu, bai ja zance ba: "Injiniya, so nike in kwamfuta ta lalace da sahe, kahin azahar ta tashi, ko kana gari ko ba ka nan."

Abin da aka shirya

Dabarar tsohuwa ce. A gyara kwamfuta guda har ta yi yadda ake so, a ɗauki kwafin faifanta sukutum, har da ɓangaren da ke tayar da ita, a ajiye a saba, wato kwamfutar da aka ware don yi wa sauran hidima. Wannan ita ce uwar kwafi. Duk na'urar da ta lalace sai ta karɓe ta ta wayar sadarwar ofis, ta tashi tamkar ranar da aka gyara ta farkon.

Tambayar da kowa ke yi ita ce: kwamfutar da Windows ɗinta ya mutu, da me za ta karɓi wani abu? Amsar tana cikin katin sadarwarta. Akwai ɗan ƙaramin shiri a ciki mai suna PXE, wanda kamfanin Intel ya fito da shi, sigarsa ta 2.1 ma tun 1999 take. Kafin na'ura ta waiwayi faifanta, shirin yakan yi kira a kan waya yana neman adireshi ta DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi. In amsar ta zo masa da ƙarin abu biyu, wato inda saba take da sunan fayil ɗin da zai ɗauko, sai ya jawo fayil ɗin ta TFTP, wata sauƙaƙƙiyar hanyar aika fayil. Fayil ɗin ya jawo ƙaramin Linux, wani tsarin gudanar da kwamfuta irin Windows, da ke zama a ƙwaƙwalwar wucin gadi kawai, shi kuma ya shimfiɗa uwar kwafi a kan faifai. Daga farko har ƙarshe babu intanet a ciki. Waya ce da wuta da suwic, wato akwatin da duk wayoyin ke haɗuwa a cikinsa. Ga wanda ya zauna a Gusau a 2021, wannan kaɗai ya isa hujja.

Mun auna manhaja biyu, dukkansu kyauta. Clonezilla, wadda wata cibiyar kwamfuta ta ƙasar Taiwan ta samar, ƙwararriya ce, amma tambayoyinta da yawa, kuma kuskuren zaɓi ɗaya na iya sa mutum ya shafe faifan da ya zo ceta. FOG kuwa tana yi wa kowace na'ura rajista da lambar katin sadarwarta, ta tuna sunanta da kwafin da ya dace da ita, kuma daga shafi guda a burauza ake ba ta umarni. Wanda bai san Linux ba ma zai iya. FOG muka ɗauka, muka bar Clonezilla a filash saboda ranar da saba za ta ƙi. Sabar kanta ba wani abin a zo a gani ba ce: ɗaya daga cikin kwamfutocin ofis aka sa wa faifai mai terabait 1 da Debian, wani nau'in Linux, aka jona ta ita da suwic a inbatar sola. Ranar girka FOG kaɗai ta nemi intanet.

Cikas na farko daga rauta ya zo, wato na'urar da ke kawo intanet ofis. Ita ke raba adireshi a ofis, irin ƙaramar nan ce mai sim, kuma babu inda za a rubuta mata zaɓi na 66 da na 67, waɗanda ke ɗauke da adireshin saba da sunan fayil. Na'urori suka riƙa samun adireshi su tsaya cak, tsofaffin suna nuna PXE-E53, ma'ana ba a faɗa musu fayil ɗin da za su ɗauko ba. Ana iya hana rauta rabon adireshi a miƙa wa saba, sai dai duk ranar da saba ke kashe babu mai shiga intanet a ofis. A garin da wuta ba ta da tabbas, wannan ɗaure kai ne. Sai muka sa wani ƙaramin shiri mai suna dnsmasq a saba ya zama mai cike gurbi: rauta ta ba da adireshi kamar kullum, shi ya ƙara sauran bayanin. Yana kuma gane irin na'urar da ke tambaya, ya ba masu UEFI, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta, fayil ɗin ipxe.efi, masu tsohon BIOS kuma undionly.kpxe. Sai da aka kashe Secure Boot, matakin tsaron da ke hana shirin da ba a amince da shi ba tashi, kafin na farkon ya tashi. Ga kwamfutocin ma'aikata, mun mayar da shi bayan an gama.

Fayilolin mutane

Nan ne aikin ya fi nauyi, kuma nan ne masu irin sana'armu suka fi gaggawa.

Shimfiɗa uwar kwafi tana shafe faifai kaf. Ba ta tambaya, ba ta bar komai a kwandon shara. A zauren ɗalibai wannan alheri ne, don abin da ake so ke nan. A ɗakunan gaba kuwa, abin da ke kan faifan aikin shekaru ne: wasiƙu, takardun albashi, jerin sunayen waɗanda suka kammala, hotunan rajista. An ce kowa ya kwashe fayilolinsa, kowa ya ce ya kwashe. Ni wannan amsa ba ta isar mini. Babu mai ƙarya a cikinsu, sai dai mutum abin da idonsa ke gani yake kwashewa. Akanta ya kwafi duk abin da ke fuskar allo da Documents, alhali manhajar lissafinsa a ProgramData take ajiye bayananta, wurin da Windows ke ɓoyewa. Hajiya sakatariya ba ta riƙe kalmar sirrin imel ɗin ofis ba, burauza ce ke tuna mata shekara da shekaru. Ɗaya daga cikin masu shigar da bayanai kuwa, muhimman takardunsa a cikin Downloads suke, cakuɗe da hotuna da wa'azi da aka turo masa.

Don haka muka kafa sharaɗi: ba za a taɓa kwamfutar ma'aikaci ba sai an ɗauki cikakken kwafinta yadda take, da cutarta da tarkacenta, an ajiye a faifan waje. Hakan ya ci lokaci, ya ci mai, shugaban ya nuna bai ga dalili ba tunda kowa ya ce ya kwashe. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, man da aka ƙona yau ana sayen wani gobe. Takardar da ta ɓata fa, ina za a sayo ta?" Ya yi shiru, ya ce a ci gaba.

Ba a yi wata ba Hajiya ta tashi buga takardun shaidar kammala kwas, ta nemi samfurin da aka daɗe ana amfani da shi, mai tambari da layukan sa hannu, ta rasa. Ashe yana ma'ajiyar samfuran Word, can cikin AppData, inda ba ta taɓa leƙawa ba, don kullum daga cikin Word take buɗe shi. Aka shimfiɗa tsohon kwafin kwamfutarta a wani faifai, aka ciro shi. Da babu wannan kwafi, da sai a sake zana takardar daga farko, kuma shaidar bana ta bambanta da ta bara, abin da zai iya jawo wa yaro tuhuma a wurin neman aiki.

Daga nan aka raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Uwar kwafi tana dawo da kwamfuta, amma ba ta ɗauke da aikin kowa. Aikin mutane aka buɗe masa ma'ajiya ta bai ɗaya a saba, kowa da ɗakinsa da kalmar sirrinsa, ana kwafe ta zuwa faifan waje duk Juma'a kafin a tafi masallaci.

Gina uwar

A kan na'ura mafi ƙanƙantar faifai aka gina ta, mai SSD na gigabait 128, don kwafin ƙaramin faifai yana shiga babba lafiya lau, akasin haka ne ke kawo rigima. Aka ɗora Windows 11 Pro, aka sabunta shi, aka sa direbobin Dell da na HP duka, da burauza, da manhajar gwajin jarrabawa, da firintar ofis.

Sai ƙananan abubuwan da mai gyara mai sauri ba ya tsayawa a kai, alhali su ne ke damun mutane kullum. Maballin rubutun Hausa, wanda yana cikin Windows ba a dai kunna shi, don a daina rubuta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa". Maballin Larabci saboda takardun Islamiyya da ake kawowa bugu. Girman takarda a kan A4, ba Letter na Amurka ba. Agogo a kan lokacin Nijeriya. Asusun ɗalibai kuma babu ikon girka komai a cikinsa. Gyara ɗaya aka yi, na'ura 22 na zaure, da kuma na ma'aikata, suka gada.

Wannan gadon shi ne kuma haɗarin. Duk abin da ke jikin uwa, 'ya'ya sun samu. Shi ya sa na ƙi amincewa a saka ko manhajar fashi ɗaya a cikinta, duk da an kawo mini filash cike da su. Manhajar da wani ya fasa ya saki kyauta, ba ka san abin da ya cusa a ciki ba, kuma a nan ba na'ura ɗaya za ka ba wa ba, ofis gaba ɗaya ne, har da ta akanta. Inda babu lasisin Office aka sa LibreOffice. Shi kuwa Windows, na'urorin da aka ƙera tun zamanin Windows 8 galibi lambar lasisinsu tana cikin babban allon da ke jikin na'urar, wato motherboard, sai dai izinin rarraba kwafi ɗaya ga na'urori da yawa yana zuwa ne da lasisin sari na Microsoft. Ofishin ya daidaita wannan da dillalinsa kafin mu ci gaba.

Kafin ɗaukar kwafin, abu uku ba a tsallake su. A kashe saurin tashi da barcin Windows da umarnin powercfg /h off, don in ba haka ba Windows ba ya rufe faifansa da kyau, manhajar kwafi kuma ta ƙi taɓa shi. A tabbatar BitLocker bai kulle faifan ba. Sannan a gudanar da Sysprep, wanda ke cire shaidar da ta keɓanta da na'urar farko, kowace ta tashi da tata. Bayan matsewa, uwar ta tsaya a wajen gigabait 15.

Tsofaffin nan 8 ba za su ɗauki Windows 11 ba, don yana neman UEFI da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, su kuma ba su da su. Kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10, saboda haka komawa can ma jinkiri ne kawai. Aka yi musu tasu uwar da Linux Mint. Koyon bugu da burauza ba su buƙatar fiye da haka.

Ranar shimfiɗawa

Asabar aka zaɓa, da hantsi, lokacin da rana ta fara cika batiran sola. Lissafin a bayyane yake. Waya mai gudun gigabit ba ta wuce megabait 125 a daƙiƙa, ko a takarda. In za a aika wa kowace na'ura nata daban, gigabait 15 sau 22 ya kama 330, wato minti 44 in komai ya tafi daidai, kuma ba ya tafiya daidai. Hanya ta biyu ita ce saba ta aika sau ɗaya, duka su karɓa a tare. Kamar malamin da ke yi wa aji shifta ne: sau ɗaya yake faɗa kowa ya rubuta, amma ba zai wuce layi ba sai mai nawar hannu ya gama.

Masu nawar hannun kuwa sun bayyana nan take. Aikin ya tashi yana rarrafe, ƙiyasin lokacin da ke allo ya haura awa. Fitilun suwic suka tona asiri: biyu launinsu ya bambanta da na saura, alamar sun faɗo zuwa megabit 100. Gudun gigabit yana buƙatar dukkan silalla 8 da ke cikin wayar, na 100 kuwa 4 sun ishe shi. Don haka waya na iya yin shekaru da sili ɗaya a katse, ana shiga intanet da ita lafiya, babu wanda ya sani. Ɗaya kan ne ba a matse shi da kyau ba, ɗayar ɓera ya taɓa ta a bayan tebur. Da aka yanka ta kuma aka ga irin mai arhar nan ce, aluminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, wadda ba ta jure lanƙwasa. Aka canza su.

Saura rauta. Suwic ɗin ofis irin mara saiti ne, yana watsa irin wannan aike ga kowace ƙofa, har da wadda rauta ke ciki. Wayafai ya shaƙe, ita ma rautar ta zama wata mai jan ƙafa. Maganin wucin gadi shi ne a bari sai duk na'urori sun karɓi adireshi aikin ya tashi, a zare wayarta, a mayar kafin su sake tashi. Da aka yi haka, zauren ya gama cikin ƙasa da kwata ɗaya na awa. Ana cikin yi soket ɗin wata na'ura ya saki, ta mutu da rabin kwafi a faifai. A da wannan asarar rabin yini ce. An sake tura mata ita kaɗai kafin a gama naɗe wayoyi.

Ranar Litinin na'ura 3 suka tashi da shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, alhali ranar Asabar lafiya aka bar su. Laifin ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe saitin BIOS. Nasu ya mutu tun tuni. Ofis kuma yana kashe wuta daga bango kowane dare, don haka da safe saitin ya koma na masana'anta, yanayin faifai ya juya daga AHCI, wanda da shi aka gina uwar, zuwa RAID. Windows ya nemi faifansa ya rasa. Batirin nan dai shi ne ke mayar da kwanan wata baya, burauza ta riƙa ƙin buɗe shafuka, a yi ta zargin netwok. Aka canza na zauren gaba ɗaya. Duk mai sayen kwamfutar hannu, da zai ji shawarata, ya canza wannan batiri tun ranar da ya sauke ta daga kwali.

Yadda ake ciki yanzu

Sabar da ke iya gyara kowace na'ura tana iya shafe kowace na'ura, don haka kalmar sirrin da FOG ke zuwa da ita aka fara canzawa, mutum biyu kaɗai suka san sabuwar. Kwamfutocin zaure suna fara tambayar saba in an kunna su, in babu umarni su wuce faifansu. Na ma'aikata kuwa daga faifai suke tashi, sai an tsaya a gabansu an danna F12 da hannu kafin su tambayi saba. An yi haka da gangan, don kada kuskuren danna suna a shafi ya faɗa kan kwamfutar akanta.

An koya wa malamin zaure da wata 'yar bautar ƙasa. Da yake shekara ɗaya za ta yi ta tafi, ita aka ba aikin rubuta matakan da Hausa a shafi biyu, aka manna a jikin ƙofar kabad ɗin saba. Gwajin da muka yi shi ne na zauna a gefe na naɗe hannu, malamin ya bi takardar ya dawo da wata na'ura da aka lalata da gangan. Inda ya tsaya yana waige-waige, nan aka gyara rubutun. Yanzu duk ƙarshen zangon karatu ana shimfiɗa wa zaure sabon kwafi ko da babu wadda ta lalace, kuma kafin nan ana sabunta uwar, a bar ta baya a ajiye har sai sabuwar ta yi mako tana aiki. Kwafin uwayen biyu yana faifan waje a durowar shugaba.

Akwai abin da bai warware ba. Laftof ɗin shugaba da wasu biyu ba su da ƙofar waya, PXE ɗinsu kuma ba ya aiki ta wayafai. In aka yi amfani da adaftar USB guda a kansu duka, FOG sai ta ɗauke su na'ura ɗaya, tunda lambar adaftar take gani. Su har yanzu da filash ɗin Clonezilla ake yi musu. Wasu ma'aikatan ba su daina ajiye aiki a fuskar allo ba, don haka sharaɗin ɗaukar cikakken kwafi kafin shafewa yana nan daram a ɗakunan gaba. Suwic mai IGMP snooping, wanda zai kai aiken ga masu nemansa kaɗai ya raba mu da zare wayar rauta, yana cikin jerin sayayyar da aka miƙa wa akanta, tare da kwalin waya ta jan ƙarfe zalla da abin hura ƙura kafin hunturu ya shigo.